Lambar yaƙin kaka: yadda ake karanta ta, a wanke ta, a adana ta

A gidaje da dama na karkarar Kano da Jigawa akwai adaka ko tsohon akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba, kuma a ƙasansa, ƙarƙashin tsofaffin riguna, akan tarar da lambobin soja biyu ko uku ƙulle cikin tsumma. Wasu na Yaƙin Bama ne, wasu na Kwango ko Yaƙin Basasa, ƙalilan kuma sun haura shekara 100. Yawancin lambobin da suka lalace ba tsufa ne ya lalata su ba. Wani ne ya ga sun yi baƙi, ya ɗebo toka da lemon tsami ya dirje su a yini ɗaya. Don haka wanki shi ne aiki na ƙarshe, wani lokaci ma ba a bukatarsa. Kafin shi akwai kallo, da rubutawa, da gane abin da ke hannu.

Ranar da aka fito da ita

A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tabarma ko faifai, a inuwa, inda ba iska. A wanke hannu a bushe shi sosai, a riƙa kama lambar ta gefe, domin gumi na da gishiri kuma shatin yatsa kan zauna a jikin azurfa har ya ƙi fita. Duk abin da aka samu tare da ita a bar shi tare: takardar sallama, hoto, maɓallin kaki, bajen hula mai hoton bishiyar kwakwa, har ambulan ɗin da ta yage. Idan lambobin a jere suke a kan ƙarfe ɗaya, kada a kwance su. Jerin da mai su ya yi shaida ce.

Sai a ɗauki hoto da waya: gaba, baya, ƙyallen da take rataye da shi, da kuma kaurin gefenta. Gefen ne ke ba da wahala. A tsayar da lambar, wani ya haska fitilar waya daga gefe ɗaya, a kwance, ba daga sama ba, yadda inuwa za ta faɗa cikin ramin haruffan. A juya ta kaɗan-kaɗan a ɗauki hoto huɗu ko biyar har a zagaye. A samo rula daga jakar ɗan makaranta a auna faɗin. Zagayayyun lambobin Ingila milimita 36 ne, ƙyallen yawancinsu kuma milimita 32. A rubuta komai a littafi harafi bayan harafi, yadda yake, ko da an ga kamar an yi kuskure a sunan.

Wadda ta fi tsufa, kuma ta fi shafar ƙasar nan

Idan ƙyallen rawaya ne, gefensa biyu baƙi, da siraran layuka kore guda biyu a tsakiya, to lambar da Turawa suka ƙirƙiro a 1902 ce domin ƙananan yaƙe-yaƙensu na Afirka. Azurfa ce. A gaba akwai Sarkin Ingila Edwad na bakwai cikin kayan soja, da rubutun EDWARDVS VII REX IMPERATOR, ko kuma Sarki Joji na biyar a kan waɗanda aka buga daga baya. A baya akwai mace tsaye da zaki a gefenta, an rubuta AFRICA a ƙasa.

Ba a taɓa bayar da wannan lamba ita kaɗai ba. Kullum tana zuwa da ɗan siririn allon azurfa gicciye a kan ƙyallen, kuma allon ne ke faɗin yaƙin da mutum ya halarta. Wanda aka rubuta N. NIGERIA 1903 na waɗanda suka fita tsakanin 29 ga Janairu da 27 ga Yuli na shekarar ne, wato rundunar Kanar Molan da ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu lokacin da Sarki Alu yake hanyar Sakkwato, da waɗanda suka ci Sakkwato a watan Maris, har zuwa Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Allon N. NIGERIA 1906 kuwa ya haɗa abu biyu: Satiru a watannin Fabrairu da Maris, da Haɗeja a watan Afrilu, inda aka kashe Sarki Muhammadu da manyan mayaƙansa. Akwai na 1902, da na 1903-04, da na 1904, da kuma NIGERIA 1918 na boren ƙasar Egba. Idan allunan sun fi ɗaya, daga ƙasa ake karanta su: wanda ya fi kusa da lambar shi ne yaƙin farko.

Wannan wuri yana bukatar natsuwa a cikin gida. Hafsoshin rundunar Turawa ne, amma sojojin da suka riƙe bindigar yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa, wasunsu bayi ne da suka gudu suka shiga soja. Gida a ƙasar Haɗeja ko Kano zai iya gano cewa lambar da ake ta alfahari da ita a matsayin ta "yaƙin duniya" ta ranar da aka ci garinsu ce. Wasu sukan ji kunya su jefar, wasu su ɓoye allon. Duka biyun asara ce. Lambobin nan masu ɗauke da sunan baƙar fata ba su da yawa a hannun zuriyarsu, kuma sunan da ke gefen yana cikin 'yan wurare ƙalilan da aka rubuta talakan soja na wancan zamani.

Na Yaƙin Duniya na farko uku ne: tauraro na 1914-15, da farar azurfa mai mutum a kan doki, da ta tagulla mai mace da fukafukai da ƙyalle launin bakan gizo. Sojan Najeriya ya same su a Kamaru, wajen Garwa da Mora, da kuma Gabashin Afirka. Duka ukun suna da suna. Na tauraron a bayansa yake.

Na Bama da Habasha

Waɗannan su suka fi yawa a gidajenmu. Taurari ne masu tsini shida, na tagulla mai ruwan rawaya, tsawonsu wajen milimita 44, da kambi a sama da haruffan GRI VI a tsakiya. Sunan tauraron yana rubuce a zagayen tsakiyar, don haka ko ƙyallen ya ɓace ana iya gane shi.

THE BURMA STAR na wanda ya yi aiki a fagen Bama ne, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da layin ruwan lemo. Mutanenmu sun je can cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu bataliyoyin Najeriya kuma aka sauke su ta jirgin sama a bayan Japanawa a 1944. THE AFRICA STAR yana da ƙyalle ruwan yashi da jan layi mai faɗi a tsakiya, da siririn shuɗi mai duhu a ɓangare ɗaya, mai haske a ɗayan. Ga ɗan Najeriya yawanci yana nufin yaƙin Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 da 1941. THE 1939-1945 STAR layi uku ne daidai wa daida, shuɗi mai duhu, ja, shuɗi mai haske, kuma sai an yi wata shida a fagen daga ake samunsa.

Sai zagayayyu biyu masu kama da azurfa amma ba azurfa ba ne, gamin jan ƙarfe ne da nikel. Ɗaya tana da Sarki Joji na shida sanye da kambi, a bayanta zaki ya taka dodo. Kwana 28 cikin kaki ya isa a samu wannan, shi ya sa kusan kowane tsohon soja yake da ita. Ɗayar kan sarkin ba kambi, a bayanta zakuna biyu sun sa kambi a tsakiya, ƙyallenta kore da ruwan wuta a tsakiya da siraran baƙaƙen layuka. A ƙarƙashin wuyan sarkin akwai ƙananan haruffan wanda ya zana: PM a kan mai kambi, HP a kan marar kambi. Idan an duba da gilashin ƙara girma ba a ga komai ba, ko an ga dunƙulen ƙarfe kawai, akwai alamar tambaya.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne lambobin wannan yaƙi ba su da suna. Haka Ingila ta raba su, baya fayau, gefe fayau. Rashin suna ba ya nuna jabu ce. Amma yana nufin ba abin da ke haɗa tauraron da kakanku sai takardar sallama da hoto da bakin waɗanda suka san shi. Tauraron Bama shi kaɗai, ba takarda, abu ne da aka buga dubbai barkatai. Tauraron da ke tare da littafin sallama mai lamba da ta fara da NA, da sunan bataliya, da ranar shiga da ranar fita, shi ne tarihi. Wanda ya raba su ya ɓata duka biyun.

Na bayan mulkin kai ba su da wuyar ganewa tunda akwai masu su da rai. Ta samun 'yancin kai tana da ƙyalle kore, fari, kore, da ranar 1 ga Oktoba 1960. Ta Kwango, daga 1960 zuwa 1964, tagulla ce mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, a bayanta an rubuta IN THE SERVICE OF PEACE. Akwai na Yaƙin Basasa masu shekarun 1966 ko 1967 zuwa 1970, da na ECOMOG na Laberiya da Saliyo. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiha zai faɗa muku sunan kowace a kallo ɗaya.

Karanta gefe da neman mutumin

Rubutun gefe yakan zo da tsari ɗaya: lambar soja, muƙami, suna, runduna. PTE farabiti ne, L.CPL ƙaramin kofur, CPL kofur, SJT ko SGT saje, C.S.M. ko R.S.M. samanja. N.N. REGT ko N. NIGERIA R. rundunar Arewa ce kafin haɗewar 1914, NIG. R. ta bayan haɗewa, W.A.F.F. ita ce babbar rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka ƙara mata R a gaba daga 1928.

Kada a sa ran ganin sunan yadda gida ya san shi. Akawun bariki yana rubuta abin da kunnensa ya ji, kuma a madadin sunan uba yakan sa sunan gari. Mamman kan koma MOMA ko MAMA, Usman ya koma OSUMAN, Haɗeja ta zama HADEIJA, Katsina KATSENA. Garin ma ba lallai na haihuwa ba ne. Mutumin Ɓaɓura ko Garki da aka ɗauka a Kano sai a rubuta shi ɗan Kano. Wasu kuma da gangan suka ba da wani suna don kada iyaye su biyo sawu. Lambar soja ita ce abin riƙo, domin mutum ɗari na iya yin suna ɗaya a bataliya.

Da lambar za a iya bincike a wurare uku. Rajistar waɗanda aka ba lambar 1902 tana gidan adana takardun Ingila da ke Kew, a rukunin WO 100. Katunan Yaƙin Duniya na farko suna WO 372, kuma ana iya neman su ta intanet. Idan mutumin bai dawo ba, shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya, kyauta ne, kuma yana da sunayen 'yan Najeriya da aka binne ko aka rubuta a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a ƙasar Bama. A gida kuma akwai gidan adana takardu na ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda za a iya nuna hotunan a nemi shawara.

Kafin duk wannan, a fara da tsofaffin gida, don su ne ke ƙarewa. A zauna da su da waya a buɗe tana naɗa, a yi tambayar da ke da amsa. "Gwaggo, da Malam ya dawo, da wa suka dawo a garin nan?" ta fi "ba mu labarin yaƙi" amfani. A tambayi ko da damina ya tafi ko da rani, wane dagaci ne a kan gado, ta jirgin ƙasa ya sauka a Kano ko a Nguru, ya dawo da rauni ko lafiya, wace sana'a ya kama. A rubuta sunan wanda ya faɗa da ranar, a ajiye takardar tare da lambar.

Ta gaske ce ko kwaikwayo

A kusanto da mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika. Azurfa, tagulla da gamin nikel ɗin nan duk ba ya kama su. Idan jikin lambar ya manne, ba ta gaske ba ce. Ta gaske bugawa aka yi da inji, don haka haruffa suna da kaifi, fili yana da santsi. Ta kwaikwayo yawanci zubi ce: za a ga ƙananan ramuka kamar na ƙaiƙayi a fili, gashin zaki ya cuɗe, wani lokaci da siririn layi a kewayen gefe inda bakin mazubi biyu suka haɗu. A lambar 1902 a duba ƙananan ƙusoshin da suka haɗa allo da maratayi. Na asali ƙanana ne, daidai da juna. Idan an ga waya, ko dalma, ko ƙusa mai ƙaton kai, wani ya taɓa wajen, kuma ƙila an ƙara allon da mai lambar bai samu ba. Haka in gefen da sunan yake ya fi sauran sirantaka, da shatin zarto, an goge wani suna ne aka sa wani.

Wanki

Baƙin da ke kan tsohuwar azurfa ba datti ba ne. Sinadarin farar wuta da ke cikin hayaƙi da roba da ulu ne ya haɗu da fatar ƙarfen. Idan ya kwanta lumui, ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, a bar shi, yana ma taimakawa haruffa su fito. Duk abin da ke sa azurfa ƙyalli nan take yana cin fatarta ne. Toka, yashi, soson waya, man goge baki, man goge tagulla na gwangwani, duk suna kankare hancin sarki da gashin zaki da sunan gefe. Tsofaffin sojoji da kansu sun cinye fuskar lambobinsu da gugar fareti, shi ya sa ake ganin wasu sun yi sumul. Lemon tsami, tsamiya, ruwan kanwa da ruwan batir sun fi muni, domin suna shiga ƙarƙashin maratayi su ci gaba da aiki bayan an share. Kada kuma a kai wa maƙerin farfaru ya "wanke". Shi aikinsa wuta ne da ruwan tsami, kuma abin da ya dace da awarwaro bai dace da wannan ba.

Abin da ya halatta a cire shi ne ƙura, maiƙo da gumi. Ana bukatar rabin lita na tataccen ruwa daga kemis, ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa marar turare, auduga, tsinken sakace na itace, buroshi mai laushi irin na jarirai, ƙaramar kwalbar sifirit, da farin ƙyallen auduga. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan zo da gishiri ko kanwa, musamman a gabashin Jigawa, kuma suna barin farin shati. In ba a samu tatacce ba, ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta a fili, ba daga indararo ba, aka tafasa aka tace, ya fi su.

A fara kaɗe ƙurar da busasshen buroshi, domin ƙurar hunturu yashi ce, in aka goga da ita a jiƙe sai ta yi zane. Ruwa kada ya taɓa ƙyallen. Idan ɗinkinsa mai sauƙi ne, a warware zaren a zare shi bayan an ɗauki hoto. Idan ya tsufa yana neman ɓarkewa, a bar shi a wurin, a naɗe shi da leda, a yi aikin da auduga kawai. A naɗa auduga a tsinke, a tsoma, a matse, a riƙa mirginawa a kan ƙarfen maimakon dirzawa, ana canja audugar da zarar ta yi datti. A bi da wata mai ruwa zalla sau biyu. A dangwale da ƙyalle, sannan a bi lungunan maratayi da allo da sifirit, shi zai kori ragowar ruwa. A bar ta a inuwa yini guda kafin a rufe. Kada a shafa man gyaɗa, baselin ko man keke. Suna kama ƙura, kuma na girki yana yin tsami. Masu aikin gidan tarihi suna amfani da wani kakin zuma na musamman, shafi ɗaya siriri. In babu shi, barin ƙarfen haka ya fi.

Kore iri biyu ne a kan tagulla. Mai duhu, mai tauri, mai santsi, ba ya cutarwa. Mai haske, mai gari-gari, wanda ke fitowa daga ɗan rami, shi ne ciwon: gishiri ne da danshi ke cin ƙarfen daga ciki. A ɗora lambar a kan farar takarda mako guda. In an ga gari ya zubo, yana aiki. A kankare garin a hankali da tsinken itace, a share da sifirit, a ware ta daga sauran cikin busasshen gwangwani nata, a kai wa ma'aikatan gidan tarihi su duba. Ruwa yana ƙara masa ƙarfi, don haka wannan ba a wanke ta.

Ƙyallen ba a wanke shi, ba a guga. Launinsa na zuba. Idan ana son sabo don fita taro, a yanko wajen santimita 10, a zura ta maratayi, a ninka, a ɗinke da zaren auduga. Ba gam, ba fil na ƙarfe mai tsatsa. Tsohon a sa shi a ambulan a rubuta ta wace lamba ce.

Ma'aji

Kowace lamba a naɗe ta ita kaɗai cikin farin ƙyallen auduga da aka wanke aka ɗauraye sosai, ba sitaci, ba bula. Idan suna gugar juna, tsinin tauraro yana yanka fuskar azurfa. A sa cikin leda mai zif irin ta magani, sannan cikin gwangwani mai murfi da ke kamawa. A jefa ƙunshi uku ko huɗu na 'yan ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko robar magani, a sabunta su a farkon kowace damina. Shinkafa ba ta maye gurbinsu, ƙwari take jawowa.

Abubuwan da ba sa kwana da lamba: robar ɗaure kuɗi, jarida, ulu, ashana, leda mai kauri mai warin roba, da fata. Wannan na ƙarshe shi ne kuskuren da aka fi yi, domin an saba ajiye abu mai daraja a jakar fata tare da layu da guraye, alhali fatar da aka jeme tana fitar da tsami da ke sa tagulla kore. Kafur a bar shi a cikin adaka saboda asu, amma a wajen gwangwanin. Hayaƙin turaren wuta da na murhu suna sa azurfa baƙi da sauri, don haka ɗakin girki da ɗakin amarya ba wurinta ba ne. Kada a ajiye a ƙasa ko a jingine da bangon waje, saboda gara da danshin Agusta. A garuruwan da ruwa ke ci, irin su Auyo, Ringim da Kafin Hausa, a rataye gwangwanin can sama, kuma a tura hotunan duka ga ɗan'uwa a wani gari ta WhatsApp.

Takardar sallama kada a kai ta a liƙe da leda mai zafi a shagon kwamfuta. Zafin da gam ɗin suna cin tawada, kuma ba a iya cirewa. Kada a sa salatif a inda ta yage. A buɗe ta a kwance tsakanin farar takarda biyu, a yi hoto, a riƙa nuna hoton. Haka ma wanda ke son rataye lambobin a zaure: rana tana kashe launin ƙyalle cikin shekara biyu ko uku, katakon firam da gam ɗinsa suna sa ƙarfe baƙi, ga kuma idon ɓarawo. Babban hoto a bango ya wadatar. A duba gwangwanin sau biyu a shekara, bayan girbi da kafin saukar ruwa.

In za a jera su, na Yaƙin Duniya na biyu suna tafiya haka daga tsakiyar ƙirji zuwa kafaɗar hagu: tauraron 1939-1945, na Afirka, na Bama, marar kambi, sannan mai kambi. Mai lamba ne ke sa ta a hagu. A al'adar Ingila ɗa ko jika yakan sa a dama ranar tunawa, amma a nan gara a riƙe su a hannu ko a faranti ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, kada a bi hanya da su a ƙirji a gamu da shingen sojoji.

Gado da ciniki

Lokacin rabon gado ne jeri ke watsewa: wannan ɗaki ya ɗauki tauraro, wancan ya ɗauki azurfa, takarda ta bi wani zuwa Legas. Hanyar da ta fi ita ce a yi wa duka kuɗi ɗaya, su faɗa rabon mutum ɗaya, ko magada su yarda a bar su amana a hannun babban gida. Ko wanne aka zaɓa a rubuta, da shaidu biyu da sa hannun mai unguwa ko dagaci, a ambaci adadin lambobi, lambar soja, da wanda zai karɓa bayan mai riƙon. Azurfar da ke jikin lamba ɗaya giram talatin da 'yan kai ce, nesa da nisabin zakka, kuma nesa da dukiyar da wasu ke zato.

'Yan gwangwan da masu yawon sayen tsofaffin kuɗi a kasuwar ƙauye suna saye ne da nauyin ƙarfe. Akwai kuma masu zuwa da labarin cewa akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsofaffin lambobi, su nemi kuɗin gwaji ko su tafi da ita "a duba". Ba komai a ciki sai ƙarfen da aka ambata. Kada a bari a huda, a kankara ko a ɗiga wani ruwa da sunan gwaji. Idan dole ta sa a sayar, a nuna hotuna ga mutum uku daban-daban kafin a fito da ita, a sani cewa lambar 1902 mai suna da allonta na asali ta fi taurarin Bama tsada nesa ba kusa ba, a sayar da jerin gaba ɗaya tare da takardunsa, kuma gida ya riƙe kwafin kowane shafi da sunan wanda ya saya.